Daga Yawuri Zuwa Mashigin Pemba: Kifin da Muka Saki

Ni jikan Basarke ne. Kakana ya yi rayuwarsa duka a kan kogin Kwara a Yelwan Yawuri, da kwale-kwale da mamari da birgi ya ciyar da gidansa, kuma ko da yake mahaifina ya ajiye filafili ya shiga aikin gwamnati, ni kuma aiki ya zaunar da ni a Kano, ƙaunar ruwa ba ta fita daga jinina ba. Duk Asabar ɗin da na samu sarari nakan ɗauki fatsa in nufi madatsar Tiga, in zauna har la'asar ko da ƙarfasa biyu kacal zan dawo da su. Saboda haka da yayana, ɗan wan mahaifina, wanda ya taɓa zaman shekara uku a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, ya ce mu haɗa kuɗi da wani abokinsa mu je tsibirin Zanzibar mu ɗauki shatar jirgin kamun manyan kifaye na yini guda, ban yi dogon nazari ba, sai dai na roƙi ya ba ni wata shida in tara guzuri.

Takardu ne suka fara gwada haƙurinmu. Mai fasfo ɗin Najeriya ba a buga masa bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema ta intanet tun yana gida ya jira amincewa, kuma tamu ta ɗauki makonni kafin ta fito. Bayan ita akwai katin rigakafin shawara, sannan akwai inshorar dole ta dala 44 da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa kowane baƙo tun daga 1 ga Oktoba 2024. A lokacin dala ɗaya ta haura naira 1,500, don haka kowace takarda sai da ta sa na sake duba lissafina.

Mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a tsakiyar Janairun 2025, hazo ya rufe gari, leɓe yana tsagewa saboda hunturu. Muka yada zango a Addis Ababa, muka canja jirgi, washegari muka sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume. Ana buɗe ƙofa iska mai ɗumi da laima ta lulluɓe mu, kafin mu isa wurin jami'an shige da fice rigar sanyin da na taso da ita daga Kano ta zama kaya. Jami'in ya duba biza da katin rigakafi da takardar inshora ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi masaukinmu, ya buga hatimi. Muka canja kuɗi, kuma da yake babbar takardar kuɗinsu ita ce ta shilin 10,000, dala ɗari ɗaya ta cika mini aljihu.

Daga birnin Zanzibar zuwa Nungwi, ƙauyen da ke can ƙarshen arewacin tsibirin, kimanin kilomita 60 ne, mun yi su cikin sa'a ɗaya da rabi. A hannun hagu suke tuƙi, don haka duk motar da ta tunkaro sai gabana ya faɗi kafin in tuna ba a gida nake ba. Mun bi ta Bububu da Mahonda, hanya tana ratsa gonakin kwakwa da ayaba da mangwaro. Sau biyu 'yan sandan hanya masu fararen kaya suka tsayar da mu, suka duba takardun direba, suka ba mu hannu muka wuce. A wani ƙauye direban ya tsinko mana ganye ya murje ya miƙo, ina shinshinawa na ji ƙamshin kunun gidanmu, ashe bishiyar kanumfari ce, wadda na shekara arba'in ina cin 'ya'yanta a fura da zoɓo ban taɓa ganin uwarta ba. Ya ce mafi yawan kanumfarin ƙasarsu daga tsibirin Pemba yake fitowa.

Ba mu sauka a manyan otal-otal na bakin ruwa ba. Yaya ya samo mana wani ƙaramin masauki a cikin ƙauye, dala 40 ɗaki a kwana har da karin kumallo, da fanka da gidan sauro, ruwan famfonsa kuma yana da ɗan gishiri-gishiri. Da magariba na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas kamar yadda na saba tun ina yaro, sai mai masaukin ya yi sallama ya riƙe kafaɗata a hankali ya juya ni. A Zanzibar alƙibla arewa take, domin Makka tana saman tsibirin kusan a miƙe. Mu da muke kiran salla da fuskantar gabas, har muke cewa wane ba ya duban gabas, ban taɓa kawowa a raina cewa akwai Musulmin da rana take fito masa ta hannun dama yana salla ba. Da asuba a masallacin ƙauyen na sake ganin wani bambancin, domin mafi yawansu Shafi'awa ne, liman ya yi alƙunutu a bayyane bayan ruku'u, jama'a suna amsawa da amin, alhali mu a asirce muka saba yin ta kafin ruku'u.

Ranar farko mun yi ta ne a bakin ruwa. Nungwi gari ne na masassaƙa jirage, kuma na daɗe a tsaye ina kallon wasu dattawa suna haɗa katakon jirgi da gizago, suna huda shi da wani abin huji da ake murzawa da baka da tsirkiya, suna cusa auduga a tsakanin katakai don kada ruwa ya shiga. Akwai babban jirgi da suke kira jahazi, da matsakaici mashua, da ƙaramin ngalawa, wanda yake kamar kwale-kwalenmu na gungume ɗaya amma da fikafikai biyu na katako a gefe don kada igiyar ruwa ta kifar da shi. Harshensu ma bai yi mini nisa ba kamar yadda na zata. Suna cewa habari mu muna cewa labari, suna da asubuhi da Alhamisi da ishirini da sitini, duk Larabci ya haɗa mu. Lissafin lokaci ne ya kusa rikita ni. Shugaban jirgin da muka yi shata, wanda suke kira nahodha, ya aiko da saƙo cewa mu hallara a saa kumi na mbili, na ƙirga na ga sha biyu, na ce wa Yaya ai yini ya ƙare ke nan. Sai ya bayyana mini cewa daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗayansu, sha biyunsu kuwa shi ne shida na safe.

Kuɗin shatar dala 900 ne na yini guda, muka raba uku, kuma a ciki akwai mai da kayan kamu da abincin rana da ruwan sha. Jirgin bai fi mita goma ba, injinsa biyu, da nahodha da yaran jirgi biyu. A bayansa an kafe wata kujera mai juyawa da wurin dafa ƙafa, a gefe biyu kuma akwai dogayen sanduna da ake buɗewa kamar fikafikan shamuwa domin a baza zaruruwa kada su harɗe. Sandunan fatsa shida aka jera, kowace da manaɗin zare na ƙarfe wanda ya kai girman ƙaramar tukunya. A nan babu tana babu ƙullin dawo. Wasu kifayen roba ne masu jela kala-kala ake ja a saman ruwa, wasu kuma an ɗaure musu yankan cikin ɗanyen kifi da zare domin wanda ya cafka ya ji ɗanɗanon nama. Nahodha ya ce daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin iskar arewa maso gabas da suke kira kaskazi, shi ne lokacin kifaye masu mashi a baki, idan kuma iskar kudu mai suna kusi ta kama, teku takan yi haushi.

Mun wuce hasumiyar fitilar Ras Nungwi muka miƙa arewa, tsibirin Tumbatu yana hagu da mu. Da farko ruwan kore ne garau har ana ganin yashi, daga nan ya koma shuɗi, bayan mun wuce wani tudun ƙarƙashin ruwa da ake kira Leven sai ya zama kamar ruwan baba na marinar Ƙofar Mata. Na'urar auna zurfi ta riƙa nuna ɗaruruwan mitoci. Wannan shi ne mashigin Pemba, ramin da ya raba tsibirin Pemba da gaɓar Afirka, wanda zurfinsa yake kaiwa kimanin mita 800. Na taso ina ganin tafkin Kainji shi ne iyakar ruwa, amma a Kainji ko ka yi nisa kana sane da cewa gaɓa tana nan, a nan kuwa na waiwaya ko'ina babu tudu babu bishiya, sai ruwa da sama, na ji bakina ya kama tasbihi ba tare da na yi niyya ba.

Ba a jima ba teku ta nuna mini cewa ita ba kogi ba ce. Raƙuman ruwa suka riƙa ɗaga jirgin suna sauke shi, warin man inji ya haɗu da zafin rana, jiri ya kama ni, na yi amai sau uku har ƙarfina ya ƙare. Ɗaya daga cikin yaran jirgin ya zaunar da ni a tsakiya, ya ba ni ɗanyar citta in tauna, ya ce in kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa kada in dubi ƙasan jirgi. Sai wajen ƙarfe tara cikina ya kwanta.

A daidai lokacin nahodha ya hango tsuntsaye suna shawagi suna faɗawa ruwa, ya juya jirgi ya nufe su, domin inda suka taru akwai ƙananan kifaye, a ƙarƙashinsu kuma akwai manyan da suka koro su sama. Sanduna biyu suka lanƙwashe a tare. Yaya ya fito da jodari, kifin da ake kira tuna, mai rawayar ƙaya, kimanin kilo goma sha biyu, jikinsa a dunƙule kamar turmi. Abokinsa ya kamo dorado. Wannan kifi da aka ɗago shi jikinsa zinariya ne da kore da ɗigon shuɗi, yana walƙiya kamar sabuwar shadda, amma muna tsaye a kansa launin ya riƙa dusashewa daga wutsiya zuwa kai, kafin minti biyar ya koma ruwan toka. Yaran jirgin suka zubar da jinin kifayen nan take, suka sa su cikin ƙanƙara.

Daga nan sai shiru na sa'a uku, jirgi yana tafiya a hankali yana jan zaruruwa. Muka ci shinkafa da aka dafa da ruwan kwakwa, muka yi alwala da ruwan teku, muka yi azahar a zaune.

Wajen ƙarfe biyu ɗaya yaron, wanda yake sama yana gadi, ya daka ihu yana cewa nduwaro. Na duba bayan jirgi na ga wata baƙar ƙaya kamar lauje tana yanka ruwa a bayan kifin roba na hagu, sai wani dogon baki kamar mashi ya fito ya doke shi sau biyu. Manaɗin ya ɗauki kuka, wata ƙara mai kaifi wadda har yau nake ji a kunnena, zare yana fita kamar ana warware shi da inji. Juyina ne, don haka suka zaunar da ni a kujera, suka ɗaura mini ɗamara, suka kafa gindin sandar a tsakanin ƙafafuna. A nesa kamar tsawon filin ƙwallo kifin ya yi tsalle ya fito duka, ya tsaya a kan wutsiyarsa yana girgiza kai, ya faɗa, ya sake fitowa har sau bakwai. Shi ne wanda Turawa suke kira malin, irin mai zane-zane a jiki, wanda mashigin Pemba ya yi suna da shi.

Zaren da ke hannuna idan nauyi ya kai kilo 24 tsinkewa yake yi, kifin kuwa ya ninka haka kusan sau uku. Sirrin yana cikin birkin manaɗin, wanda yake sakin zare idan kifin ya ja da ƙarfi, yake riƙewa idan ya sassauta. Nahodha yana ta gaya mini, Yaya yana fassarawa, cewa in ɗaga sandar a hankali, in sunkuyar da ita ina naɗewa, kada in bari zare ya yi sako-sako, kuma idan ya gudu in ƙyale shi ya gudu. A nan na tuna kakana, wanda idan giwan ruwa ya kama ƙugiya ba ya kokawa da shi, sai ya ɗaura wa igiyar gora ya sake ta, ya bi goran a kwale-kwale har kifin ya gaji don kansa. Dabarar ɗaya ce, sai dai shi da gora, su da ƙarfe. Sau biyu na jawo shi kusa ya sake nutsewa ya kwashe duk abin da na naɗe. Bayana ya riƙe, tafin hannuna ya yi kanta ya fashe, gumi yana shiga idona, yaron jirgi yana zuba mini ruwa a ka. Minti arba'in da biyar muka yi a haka.

Da ya iso gefen jirgi yaron ya sa safar hannu ya kama bakin. Na sunkuya na dube shi daga nisan kamu ɗaya. Tsawonsa ya fi ni nesa ba kusa ba, bayansa baƙi-baƙi, cikinsa fari kamar azurfa, kuma daga baya zuwa ciki akwai layuka masu launin shuɗi da suke haske suna dusashewa kamar ana kunna su ana kashewa. Idonsa ya kai girman ƙwan kaza, kuma yana juyawa yana bin motsinmu. Nahodha ya ƙiyasta shi da kilo 70. Kifin da ya ci gasar Argungu ta 2020 kilo 78 ne, kuma na san yadda ake ɗaga irinsa a kafaɗa daga Matan Fada ana kiɗa ana guɗa, na san gida nawa zai ci daga jikinsa idan aka banda shi.

Tun a gaɓa an gaya mana cewa duk kifi mai mashi sakinsa ake yi, kuma na amince, amma amincewa a tudu daban take da sakin hannu a ruwa. Na ce, "Yaya, yanzu wannan abin arzikin za mu mayar?" Ya ce, "Alkawari muka yi, ƙanina." Yaron ya soka wata 'yar alamar roba mai lamba a gindin ƙayar bayansa, ya zare ƙugiyar, wadda bakinta a lanƙwashe yake zuwa ciki domin ta maƙale a gefen baki kada kifi ya haɗiye ta. Nahodha ya sa jirgi ya riƙa tafiya sannu-sannu, yaron yana riƙe da bakin a cikin ruwa domin ruwa ya shiga ta baki ya fita ta kunnuwa. Na sa hannu na shafa bayansa. Bayan kamar minti uku wutsiyar ta fara kaɗawa, yaron ya sake shi, ya karkata ya nutse, shuɗin jikinsa ya haɗu da shuɗin ruwa. Nahodha ya cike wani kati da kwanan wata da wuri da nauyi, ya ce za a aika wa African Billfish Foundation, ƙungiyar da ke Kenya mai bin diddigin kifaye masu mashi a baki, domin idan wani ya sake kama kifin a wata ƙasa a san inda ya bi da yadda ya girma.

A hanyar dawowa raina bai kwanta ba. Allah ya halatta mana farautar teku da abincinta, kuma jodarin da aka gasa mana a daren nan da lemun tsami da barkono na ci shi da zuciya ɗaya, sauran muka bar wa yaran jirgin da mai masauki. Amma a makarantar zaure mun karanta a Risala cewa farauta don wasa makaruhi ce, ni kuwa na wahalar da wata halitta minti arba'in da biyar ba don in ci ba. Na faɗa wa nahodha wannan damuwa, kasancewarsa mutum mai salla. Ya ce shi da yaran nan biyu da iyalansu daga wannan jirgi suke ci, kuma nduwaro ɗaya idan aka yanka shi kuɗin rana ɗaya ne, idan yana raye kuwa shi ne yake kawo baƙi kowace shekara. Hujjarsa ta gamsar da ni a kansa shi, domin sana'arsa ce. A kaina ni da na biya don in ji daɗin ja, ba ta gamsar da ni duka ba, kuma na ƙudurta cewa idan Allah ya sake kai ni teku, kifin da zan ci zan nema.

Washegari da safe na je wurin gwanjon kifi na Nungwi, wanda suke kira mnada. Masuntan da suka kwana a teku da raga suna sauke kaya a kan yashi, dillali yana kiran farashi, mata da 'yan kasuwa sun yi da'ira, tamkar kasuwar kifin Yawuri da hantsi. A cikin abin da aka shimfiɗa akwai nduwaro biyu, an sare musu baki, launinsu ya mutu. Ban ga laifin masu su ba ko kaɗan, domin da kakana a nan aka haife shi, a cikinsu zan same shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne halin da ruwanmu yake ciki. Dattawan Yawuri suna faɗa cewa a shekarun farko bayan an gama madatsar Kainji a 1968 kifi har ya fi ƙarfin masu saye, yanzu kuwa akwai masu jan taru mai ƙananan ido kamar gidan sauro, suna kwashe 'ya'yan giwan ruwa tun ba su kai tsawon yatsa ba, sannan a zo ana tambayar inda manyan suka tafi.

Kwana biyun da suka rage mun yi su a tsohon birnin Zanzibar, muka sayi kanumfari da kirfa a kasuwar Darajani, muka dawo ta hanyar da muka je.

Bayan mako biyu na je Yelwa gaishe da Baffa, ƙanin mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage a gidanmu yana shiga ruwa. Na kai masa kanumfari da ƙugiyoyi goma irin masu lanƙwasasshen baki, na nuna masa bidiyon a waya. Ya kalla shiru har zuwa inda aka saki kifin, sai ya ɗago ya ce, "Kai da hannunka?" Na ce, "Ni da hannuna, Baffa." Bai ƙara cewa komai a kai ba, ya ce in mayar masa wurin da kifin yake tsalle, na mayar har sau uku. Daga nan ya ɗauki ƙugiya ɗaya ya juya ta a tsakanin yatsunsa, ya gwada kaifinta a farcensa, ya kira jikansa ya ce ya ɗauko masa mamarin da ke rataye a zaure.